Na Bi Sawun Ruwan Abuja Har Gurara

Wata safiyar Asabar ce a Dutsen Alhaji, ɗan ga-ruwa ya sauke mana jarkoki daga kurarsa, ina ƙorafin ƙarin kuɗin da ya yi. Kawuna na zaune a kan tabarma yana jan carbi, sai ya ɗago ya ce, "Kai da kake wannan mitar, ka ma san inda ruwan garin nan yake fitowa?" Na ce daga dam ɗin Usuma mana. Ya girgiza kai. "Usuma randa ce kawai, yaro. Shirya gobe in kai ka inda ake ɗebowa."

Kawu tsohon mai walda ne, yana cikin waɗanda suka haɗa bututun da ke kawo ruwa daga madatsar Gurara zuwa Usuma a zamanin mulkin Obasanjo. Da sassafe muka ɗauki shatar wata tsohuwar Golf, muka fara tsayawa a Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. A bayansa madatsar Usuma take kwance tsakanin duwatsu, ruwan shiru kamar an shimfiɗa shuɗin zane. An gina ta ne a shekarun 1980, tun kafin a dawo da babban birni daga Legas a 1991. Tana ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 100, amma Abuja ta cika ta batse, kuma idan rani ya tsananta ruwan yakan ja baya ya bar laka a gefe. Shi ya sa aka je neman agaji a Jihar Kaduna, inda madatsar Gurara take.

Muka ratsa Bwari, muka kama hanyar Jere. Direba ya gindaya mana sharaɗi: kafin la'asar sakaliya mu juyo, don dajin nan ba na wasa ba ne yanzu. Ba wanda ya yi masa musu.

A wani kwari kawu ya sa aka tsaya. Ya nuna min wata doguwar shara da ta miƙe cikin daji, ba manyan bishiyoyi a kanta, sai ciyawa. Ya ce bututun na nan ƙarƙashin ƙafafunmu, tsawon kilomita 75, faɗin bakinsa mita 3. "Da tsayuwata na yi walda a cikinsa, ko sunkuyawa ban yi ba. Zafi kamar gidan burodi, hayaƙi ya cika ido." Ya miƙo min hannunsa na dama, tabon ƙuna fari-fari har gwiwar hannu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba inji ne ke tura ruwan ba. Gurara ta fi Usuma tudu, saboda haka gangarowa yake yi da kansa, dare da rana.

Da muka hango tafkin sai na yi shiru. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba in ban da a talabijin. An tare kogin Gurara da katangar duwatsu da ƙasa, ruwan ya taru ya kai kubik mita miliyan 880, wato ya ninka na Usuma fiye da sau takwas. Kogin nan ne dai yake wucewa ya zuba a shahararren magangarin ruwan nan na Gurara da ke hanyar Suleja zuwa Minna, kafin ya faɗa kogin Neja. A jikin madatsar akwai tashar lantarki mai megawat 30, an kuma tsara filayen noman rani wajen Azara da Jere.

A bakin ruwa muka tarar da wani dattijo yana ɗinkin koma a gindin kwale-kwale. Muka gaisa, na ce, "Baba, ya kamu?" Ya ce alhamdu lillahi. Da hira ta yi nisa sai ya nuna tsakiyar tafkin da allurarsa, inda busassun rassan wata bishiya suka leƙo. Ya ce ɗorawar gonar mahaifinsa ce, a gindinta suke cin abincin rana lokacin noman doya. Shi manomi ne gaba da baya, ruwa ne ya mayar da shi masunci da furfura a kansa. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Na tambaye shi ruwan da suke sha a gida, ya ce rijiya ce, idan ta ƙafe mata su zo nan su ɗiba.

Wannan maganar ta tsaya min a rai. Aikin babba ne, kuma ina alfahari da hannun kawuna a ciki, amma bai kamata mutumin da ya ba da gonarsa ya rasa famfo a ƙofar gida ba, alhali ana ban ruwan furanni da shi a Maitama. Mu ma na Dutse, da muke maƙwabtan matatar ruwan Usuma, kura muke jira.

Dattijon ya ba mu karfasa huɗu a leda, ya ƙi karɓar ko sisi. Direba ya danna hon sau biyu, kawu ya dubi rana ya ce, "Tashi mu tafi, ɗana, hanya da nisa."