Darussan mayar da rumbun bayanai zuwa gajimare

In za a mayar da rumbun bayanai zuwa gajimare, wato sabobin wani kamfani da ake haya ta intanet, kwashe bayanan kansu ba shi ne wahalar aikin ba. Lissafinsa a bayyane yake: terabayit 10 a kan layin intanet mai gudun megabit 100 a daƙiƙa zai ci kwana 9 da 'yan awanni, in layin bai yanke ba. Ana kwashe tsohon tarihi a lodi ɗaya, sannan a bar manhaja irin Debezium ko AWS DMS ta riƙa bin sawun duk canjin da ya shigo daga baya. Inda ake shan wuya shi ne ranar da rahoton ƙarshen wata ya fito daga sabon rumbu, alƙalumansa suka saɓa da na tsohon, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya.

Dalili kuwa, tambaya iri ɗaya ta SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, ba lallai ta ba da amsa iri ɗaya a rumbu biyu ba, ko na cikin gida irin SQL Server da Oracle da PostgreSQL, ko na gajimare irin BigQuery da Redshift da Snowflake. A SQL Server, 5/2 yana ba da 2, domin duka lambobin cikakku ne, a BigQuery kuma 2.5. Oracle na ɗaukar rubutun da ba komai a cikinsa a matsayin NULL, wato alamar babu bayani, PostgreSQL da BigQuery suna bambanta su, sai ƙirgen "marasa adireshi" ya canza. Nau'in DATE (kwanan wata) na Oracle yana ɗauke da awa da minti da daƙiƙa. In aka zuba shi a DATE na BigQuery, lokacin ya tafi ke nan. SQL Server, a saitinsa na asali, ba ya raba babban baƙi da ƙarami, BigQuery yana rabawa, don haka sunan abokin ciniki ɗaya sai ya koma biyu.

Biyu daga cikin irin waɗannan sun fi ɓarna. Na farko agogo. Tsohuwar sabar tana iya ajiye lokacin garin da take, sabon rumbu kuma yana lissafi da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya. In garin yana gaban UTC da awa 3, cinikin ƙarfe 1 na daren 1 ga wata zai faɗa cikin watan da ya wuce. Na biyu maimaici. Tsohon rumbu yana ƙin karɓar layi biyu masu lambar shaida ɗaya, amma BigQuery da Redshift da teburan Snowflake na yau da kullum suna barin a ayyana wannan sharaɗi ba tare da sun tilasta shi ba. Lodi ya katse, aka sake shi, sai layuka su ninka, jimilla ta kumbura. Dole a gina lodin yadda ko an maimaita shi sakamakon ba zai canza ba, wato da umarnin MERGE, mai sabunta layin da ke akwai maimakon sake zuba shi, a kan lambar shaida, tare da gwajin da ke ƙirga maimaici kullum. Kuɗi kuwa kada a taɓa ajiye shi a FLOAT, nau'in lamba mai kintace, a sa shi a NUMERIC, mai riƙe adadi daidai.

Saboda haka nake ganin gudanar da rumbunan biyu tare, aƙalla har a rufe lissafin wata guda cikakke, ba abin ragewa ba ne ko da jadawali ya matse. Daidaituwar yawan layuka kaɗai ba hujja ba ce. A kwatanta jimillar kowane ginshiƙin kuɗi rana-rana, da yawan NULL, da mafi ƙanƙanta da mafi girman kwanan wata. Wani lokaci a gano tsohon rumbun ne ya daɗe yana kuskure, a nan masu amfani da rahoton ne za su yanke wanne za a bi, a rubuce.

Sai batun kashe kuɗi, wanda ke buƙatar masu nazari su sauya hali. A tsohuwar sabar, tambaya mara kyau jinkiri kawai take jawowa. A tsarin BigQuery na biya gwargwadon amfani, ana cajin yawan bayanan da aka karanta, kuma LIMIT 10, wato neman layi 10 kawai, yawanci ba ya rage komai. Abin da ke ragewa shi ne zaɓar ginshiƙan da ake buƙata maimakon SELECT * mai ɗauko dukkansu, da rarraba manyan tebura bisa kwanan wata. Snowflake yana caji ne kan daƙiƙoƙin da injin ke kunne, mafi ƙaranci 60 duk lokacin da ya tashi, shi ya sa allon rahoto mai sabunta kansa duk minti zai iya hana injin kashe kansa dare da rana. A sa iyakar kashe kuɗi tun makon farko.

Kafin a taɓa komai, a duba kundin tambayoyin tsohon rumbu na shekara guda, domin akwai rahotannin da sau ɗaya ake buga su a shekara. Teburin da ba wanda ya karanta a tsawon wannan lokaci, a adana shi a ma'aji mai arha. Ranar sauyawa kuma kada a kashe tsohon rumbu, a hana rubutu a cikinsa kawai, a ci gaba da duba kundinsa: duk fayil ɗin Excel ko aikin dare da aka manta yana jingine da shi, a nan zai bayyana.