Godiya bayan zagayen ƙarshe

Alhamdu lillahi, an tashi daga gasar ces, wato darar Turawa, lafiya. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, ku yi haƙuri da rashin amsa kira.

Kun san ni da farare na zauna, kuma dattijon da aka haɗa mu ya amsa e4 ɗina da e6 (sunayen gidajen allo ne), wato buɗin wasa da ake kira kariyar Faransa. Da ya kawo bishof ɗinsa b4 na gane Winawa ce, wani reshe na kariyar Faransa, irin wadda Botbinik, tsohon zakaran ces na duniya, ya yi suna da ita. Na tura sarauniya g4, ta ci sojan g7, ta ci na h7. Daga nan fa gabana ya fara faɗuwa. Sarauniya ta yi nisa can lungu, sarkina yana tsaye a e1 ban ɓoye shi ba, sarauniyarsa a c7 ta sa wa c3 da e5 ido. Ga zazzaɓin da na kwana da shi ya taso, gidajen allo suna haɗe mini biyu-biyu.

A nan ne Baba, wato dattijon da muke karawa, ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Shi ke da tafiya, agogonsa ne ke ci, amma ya ɗaga hannu ya kira alƙalin gasa, ya nemi izini, ya je da ƙafarsa ya kawo mini ruwa. Ya ce, "Sha, ɗana, ba na son cin marar lafiya." Mintocin da ya ɓatar a kaina su ne suka matse shi daga baya, lokacin da sojana na layin h, na can gefen allo, ya kama hanya. Ya sani sarai, bai ko ambata ba da muka gaisa. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Malam ya hana a ambace shi, amma ba zan iya ba. Shi ya zaunar da ni da hasken tocila yana nanata mini cewa a wannan buɗi sojan h shi ne jarina, kada tsoro ya sa in janye sarauniya da wuri. Malam, Allah ya biya ka da Aljanna.

Yaya da ta biya kuɗin rajista, mai shayin bakin zaure da ya ƙi karɓar ko kwabo, da yaran kulob ɗinmu, Allah ya saka muku. 'Yan uwan da suka ce wasan banza ne, gida da zauren ba nisa, amma ba komai, Allah ya bar zumunci.

Masu neman takardar wasan, zan kawo kulob ranar Asabar in Allah ya kai mu.