Tseren tsibirin Man a idon bakanike

Shekara ashirin da biyu ke nan ina gyaran babur. Shagona rumfar kwano ce a bakin titi, da yara huɗu masu koyon aiki, da akwatin sifanu da ogana ya ba ni ranar da ya yaye ni. Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, in mun rufe bayan Isha sai mu zauna a kan benci mu kalli tseren TT, wato tseren babura na tsibirin Man, a waya. Yaran gudu suke kallo, suna ta salati. Ni kuwa idona yana kan bakanikan da ke jira a bakin layi.

Tsibirin Man ɗan ƙaramin wuri ne a cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan, amma yana da majalisarsa ta kansa. A farkon ƙarni na ashirin dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titin jama'a, ta kuma ƙayyade gudu a mil 20 cikin awa. Sai mutanen tsibirin suka yi tasu dokar a 1904, wadda ta ba da damar rufe hanyoyi don tsere. Ranar 28 ga Mayu, 1907, aka yi na babura na farko. Charlie Collier ya ci ajin masu fistin ɗaya a kan babur ƙirar Matchless, a matsakaicin gudun da bai kai kilomita 62 a awa ba, abin da ɗan acaɓa ke yi yau da fasinja a baya. Rem Fowler ya ci ajin masu fistin biyu a kan Norton, bayan ya sha tsayawa a hanya yana canza filogi da tiyub da hannunsa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsere na farko shi ne an auna wa kowa mai. Babur mai fistin ɗaya dole ya yi mil 90 da galan guda, mai biyu mil 75. Ashe tun asali gwajin inji ne, a ga wanda zai kai mutum inda za shi ya dawo da shi. Tambayar da duk mai sayen babur ke yi mini ke nan har gobe: Oga, yana shan mai? Yana da ƙarko?

A 1911 aka mayar da tseren hanyar dutsen Snaefell, zagaye ɗaya kilomita 60 da ɗoriya, da kwana fiye da ɗari biyu, ta cikin ƙauyuka, tsakanin katangun dutse da turakun lantarki. A shekarar baburan Indian na Amurka suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a babban aji, domin suna da giya biyu da sarƙa, yayin da da yawa ke fama da bel a kan hawa. Hawan dutsen ne ya tilasta wa kamfanoni gyara giya da kuloci da birki. Daga nan ba abin da ya tsayar da bikin sai yaƙin duniya guda biyu, da cutar dabbobi a 2001, da korona a 2020 da 2021.

Labarin da nake yawan ba yarana shi ne na Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin Honda, saboda shi ma yaron gareji ne. Yana da shekara goma sha biyar ya fara koyon gyaran mota a Tokiyo. A 1954 ya je tsibirin ya ga baburan Jamus da Italiya, ya gane nasa bai kama ƙafarsu ba. Bai yi girman kai ba. Ya sayi sarƙa da taya da kabireta na Turai ya tafi da su gida don a yi nazarinsu. Sai 1959 ya kawo baburansa, kuma a 1961 Honda ta kama matsayi biyar na farko a ajin masu injin 125cc da ajin masu 250cc. Suzuki da Yamaha suka biyo sahu. Kamfanin Honda ne ya fitar da babur ɗin CG125 a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, suka yi injin da zai jure. Da yawa daga cikin injinan Sin da muke kwancewa kullum a kan buhu, tsarin wannan CG ɗin aka kwaikwaya.

Ba zan ɓoye ɗacin abin ba. Fiye da mutum 260 sun rasa ransu a wannan hanya tun 1911. Bayan rasuwar ɗan tseren Italiya Gilberto Parlotti a hanyar a 1972, zakaran duniya Giacomo Agostini ya ce ba zai sake tsere a can ba, kuma bayan 1976 aka cire wurin daga gasar duniya. Bob McIntyre ne ya fara zagaye da matsakaicin gudun mil 100 a awa a 1957. A 2023 Peter Hickman ya yi zagayen cikin minti 16 da daƙiƙa 36, wato kusan kilomita 219 a awa. Duk yaron da na ji yana sha'awar gwada irin wannan a titinmu, ranar ba ya taɓa mini makullin babur ɗin kowa. Can an rufe hanya, ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙa goma, ga likitoci da jirgi mai saukar ungulu, amma duk da haka ana mutuwa.

Abin da na ɗauko wa sana'ata daga wurinsu ƙarami ne. Kafin babur ya hau layi sai masu bincike sun duba shi, kuma notin juye baƙin mai sai an huda kansa an ɗaure da siririyar waya, don kada girgiza ta kwance shi mai ya zuba a kan taya. Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo mini Boxer a canza masa mai. Yaron da ya yi aikin ya ɗaura notin da hannu, aka kira shi wani aiki, ya manta bai sa sifana ba. Mutumin bai yi nisa ba notin ya faɗi, mai ya wanke tayar baya, ya zame da buhun masara. Allah ya tsare, ƙujewa kawai ya yi a gwiwa da hannu, amma na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na biya maganin, na gyara injin kyauta.

Tun daga ranar babu babur ɗin da ke barin rumfata sai na bi shi da sifana da kaina: notin mai, notin tayar gaba da ta baya, birki, sannan in taɓa sarƙa da yatsa in ji sakinta. Kowane noti da na tabbatar, sai in ɗiga masa jan fenti. Masu gaggawa kan ce, Oga Malam, ka sallame ni mana. Sai in miƙa musu benci in ce su ba ni minti biyar.