Ƙurar Bauchi da zaɓen suwic ɗin kibod

Muna da wata 'yar majalisa ta masu son kayan kwamfuta, muna haɗuwa bayan la'asar a shagon da nake aiki a Gwallameji, kusa da Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi. Duk wanda ya sayo sabon abu sai ya kawo a gani. Wannan ya ƙara RAM, wancan ya cire tsohon faifai ya sa SSD, wani ya samo katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, na hannu, an sako masa a mota daga Legas. Yawancinsu 'yan gem ne, wato masu wasannin kwamfuta. Ni kuwa abincina buga rubutu ne: kundin ɗalibai masu kammala karatu, takardun neman aiki, jadawalin sakamako. Shi ya sa da na tara ɗan abin da Allah ya hore, kibod na nufa, irin wanda kowane madanni ke da nasa suwic da sifirin a ƙarƙashi.

Kibod ɗin da ke zuwa tare da kwamfuta shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ciki, sai ka danna har ƙasa harafi zai fita. Suwic ɗin Cherry MX, wanda kamfanin Jamus ɗin nan ya fitar tun 1983, zurfinsa milimita 4 ne, amma harafi na fita tun a wajen milimita 2. Ba sai ka doka yatsa a ƙasa ba. Wanda ke wuni yana bugu shi zai ji bambancin a gaɓoɓin yatsunsa da daddare. Yanzu kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu duk suna ƙera irin wannan fasali, shi ya sa kuɗin ya sauko har irinmu muka iya saye.

Wani abokina yana da ɗan faranti mai ɗauke da suwic kala-kala na gwaji, kowane launi da irin danninsa. Kowa ya zo sai ya danna ɗaya bayan ɗaya, ya ce shuɗin ya fi daɗi. To amma danna suwic ɗaya da yatsa ɗaya kamar gwada takalmi ne kana zaune, sai an yi tafiya yake nuna inda yake matsi. Sai na riƙa aron kibod ɗin 'yan majalisa ina buga aikin gaske da shi.

Shuɗin, mai ƙas-ƙas ɗin nan, yana da daɗi a hannu ƙwarai, kana jin lokacin da harafi ya fita da yatsa da kunne. Sai dai shagonmu ba ni kaɗai ba ne. Ɗalibi na karanto maka gyara, wani na waya, janareta na yi a waje, ga kuma ƙarar kibod. Kafin azahar kowa ya gaji da ni. Jan suwic ba ya ƙara kuma ba shi da tudu a hanya, nauyinsa wajen giram 45 kawai. 'Yan gem na mutuwar sonsa, ni kuwa na saba ɗora yatsuna a layin tsakiya ina jiran a karanto, sai in ɗaga kai in tarar haruffa sun zubo ban sani ba. Mai ruwan ƙasa ne ya zauna mini: akwai ɗan tudu da yatsa ke ji a tsakiyar danni, ƙarar kuma ba ta damun kowa.

Akwai dattijon da ke taimaka mana da buga takardun kotu da na filaye, a kan tafireta ya koyi aiki. Na tura masa nawa ya gwada.

"Baba, ya ka ji shi?"

"Ɗana, wannan ai ba ya riƙe hannu. Samo mini mai tauri."

Baƙin suwic, mai nauyin giram 60, shi ya yi masa, alhali ni yatsana ƙarami ciwo yake in na daɗe a kansa. Tun daga ranar na daina ce wa mutum ga launin da ya fi.

Abin da masu bidiyon Turai da Amurka ba sa kawowa shi ne ƙura. Da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka goge tebur da safe, kafin la'asar ka iya rubuta sunanka a kai. A cikin suwic akwai 'yan ƙarafa biyu sirara da ke haɗuwa in ka danna. Ƙura ta shiga tsakaninsu sai haɗuwar ta riƙa tsalle, ka danna sau ɗaya harafi ya fita biyu, ko ya ƙi fita sam. A wurina a ɓangaren lambobi ya fara. Lamba ɗaya ta maimaitu a lambar rajistar ɗalibi ba ƙaramar magana ba ce, a kan wannan ana iya dawo masa da kundinsa gaba ɗaya bayan ya biya kuɗin ɗauri.

Abin da ya cece ni, nawa irin wanda ake zare suwic ba tare da narka dalma ba ne. Ka cire hular madannin, ka sa ɗan ƙarfen cirewa ka matse haƙoran sama da ƙasa, ka ja a miƙe. Na ɗauko na madannin Scroll Lock, wanda ba na taɓa amfani da shi, na musanya, aiki ya ci gaba a take. Abokina mai irin wanda aka liƙe da dalma sai da ya ɗauki nasa zuwa wajen masu gyaran waya a Wunti, aka kwance kibod ɗin gaba ɗaya saboda harafi ɗaya.

Wajen mayarwa a bi a hankali. Ƙafafun ƙarfen biyu sirara ne, in ba su daidaita da ramin ba lanƙwashewa suke, madannin ya mutu. Ka duba su tukuna, ka sa hannu a bayan kibod ɗin ka tallafe, sannan ka danna. Akwai suwic mai ƙafa 3, akwai mai 5. Ƙarin biyun roba ne, ana iya datse su da abin yanke farce in allon cikin kibod ɗin bai da raminsu. Wasu kibod masu araha kuma ramukansu suwic mai siririyar ƙafa kawai suke karɓa, saboda haka ka tambayi mai sayarwa kafin ka tura kuɗi.

Mai kuma, don Allah kada a zuba na keke ko basilin. Ƙura yake kamawa ya zama laka. Masu shafawa da wani mai na musamman da ake kira Krytox suke yi, ɗan kaɗan da buroshi, kuma ba a sa wa mai ƙas-ƙas don yana kashe ƙarar. Ni buroshin fenti mai laushi na ajiye, da ƙyallen da nake rufe kibod da shi duk lokacin da na tashi, ko da salla ce.

Ƙananan kibod ɗin nan masu madannai 61 suna da kyau a ido, amma mai aikin jadawali ya tsaya a kan cikakke mai 104. Fitulu masu launi na jikin kibod ɗin na kashe su, batirin laftof suke sha in an ɗauke wuta. Yanzu na yi odar Kailh Box masu ruwan ƙasa, waɗanda aka killace ƙarafansu a wani ɗan akwati daban don ƙura da ruwa. Layin lambobi zan fara sa wa kafin hunturu mai zuwa, sauran kuma in bar su da tsofaffin don in ga wanne zai fara gazawa.