Wasiƙa daga Winnipeg: Katako Ba Ya Daina Motsi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida, musamman kafintocinmu da masu sha'awar aikin katako. Ina gaishe ku daga birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, inda sanyin watan Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili.

A nan mutane da yawa kan mayar da garejin gidansu wurin aikin katako, ni ma haka na yi. Wasu daga cikinku sun tambaye ni wane inji zan ba su shawara su saya. Maganar inji tana da sauƙi. Abin da nake so ku ji shi ne iskar ɗakin, domin ita ce ke gyara aiki ko ta ɓata shi.

Bari in fara da wuta in wuce. Soket ɗin gidajen nan bolt 120 ne, amma babban injin yanka mai ƙarfin doki 3 sai da layin bolt 240. Saboda haka sai a nemi izinin hukuma, ƙwararren ma'aikacin lantarki ya ja wa garejin layinsa, mai duba aiki ya zo ya gani. Injin zuƙar ƙura ana ba shi layi daban, don kada shi da zarto su tashi tare wuta ta ɗauke. Kuma don Allah, wanda ɗan'uwansa zai aiko masa inji daga Amurka ko Kanada, ya duba rubutun jikinsa tukuna. Wutarmu ta Najeriya da Nijar bolt 230 ce ko kusa da haka, hatz 50 (hatz shi ne ma'aunin saurin kai-komon wutar lantarki), tasu kuwa hatz 60. Injin bolt 120 zai ƙone nan take, wanda ya jure kuma zai riƙa juyawa a hankali yana ɗaukar zafi saboda bambancin hatz ɗin.

To, ga asalin maganar. Katako ko an sare shi shekara ashirin, yana shan laima daga iska, yana kuma fitar da ita. Ba ya ƙara tsawo sosai, amma a faɗi yana kumbura yana tsukewa. Idan laimar ɗaki tana wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, katako kan tsaya da ruwa kusan kashi 8 a jikinsa, nan ne ake so a yi masa aiki. Da hunturun nan, idan aka kunna ɗumama, laimar gida kan faɗi ƙasa da kashi 20, da bazara kuma ta hau. Fallen katakon itacen da Turawa ke kira oak mai faɗin santimita 30 zai iya motsa kusan milimita 4 tsakanin lokutan biyu. Ga teburi ko ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa kuɗina ya fi tafiya a toshe bango da rufi da ƙofar gareji, sannan na'urar ɗumama, da wata mai janye laima lokacin zafi. Gam ɗin kafinta ma ba ya kamawa da kyau idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. Idan kuma aka bar ɗaki ya yi sanyi sannan aka ɗumama shi farat ɗaya, raɓa na kwanciya a kan ƙarfen inji, da safe sai ka tarar da tsatsa.

Ku ne kuka fi kowa sanin wannan, ko da ba a auna muku ba. Katakon iroko da na maɗaci da ake lodowa daga kudu zuwa 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano yakan iso da ruwansa. A yi ƙofa da shi a watan Agusta, hunturu na shigowa ta tsage ko ta bar kafa, damina ta dawo ta ƙi rufuwa. Sai mai gida ya ce kafinta bai iya aiki ba, alhali ba hannunsa ba ne. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na san gwanintar mutanenmu.

Ba sai kun sayi na'urar sanyaya ɗaki ba, na san halin wuta da tsadar man janareta. Ku jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a shafa fenti a bakinsa biyu kada ya tsattsage. Ku bar shi ya ga hunturu ɗaya kafin a taɓa shi. Akwai kuma ƙaramar na'urar auna ruwan katako mai allura biyu, da batir take aiki, masu shago ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya.

Sai ƙura. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman ta cikin hanci. Iyayen gida, ku saya wa yaran shagonku takunkumi mai tace ƙura, ƙyalle ba ya tsare ta.

A gaida iyali da abokan sana'a. Allah Ya sa albarka a nema.

Naku,
ɗan'uwanku a Winnipeg