Abin da tiyatar leza ta koya mini a ɗakin masu farfaɗiya

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, kuma yawancin aikina da masu farfaɗiya ne. Da na koma ƙarin karatu, aka ɗora mini rubutu a kan tiyatar ƙwaƙwalwa da hasken leza, wadda ake yi wa waɗanda magani ya gaza tsayar musu da ciwon. Aikin ya yi nisa da mu ƙwarai, amma ya gyara mini yadda nake zama da majinyata a nan gida.

Ga yadda ake yin ta. Likita yakan huda ƙoƙon kai 'yar ƙaramar huda, kimanin milimita 3, ya zura siririyar waya mai ɗauke da hasken har inda farfaɗiyar take tasowa. Sai a shigar da majinyaci na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, a kunna hasken, zafinsa ya kashe wannan ɗan gurbin. Likitan na kallon allo, yana ganin yadda zafin ke bazuwa, in kuwa ya doshi wurin da ake son karewa, na'urar lezar ta kashe kanta. Ɗinki ɗaya ake yi, kwana ɗaya ko biyu a sallami mutum. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Visualase, na'urar lezar da ake wannan aiki da ita, a 2007, kuma a 2012 likitocin asibitin yara na Texas, ƙarƙashin Daniel Curry, suka ba da rahoton yi wa yara masu farfaɗiya aikin. An fi yin sa a kan tabon da ke cikin hifokamfus, wani sashe na ƙwaƙwalwa can ciki daura da kunne, da kuma wani ɗan ƙari da ke sa yaro ya riƙa ƙyalƙyala dariya ba gaira ba dalili, alhali ciwon ne ke bugunsa.

Ba kowa ake yi wa ba. Tun 2010 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta ce ba a cewa magani ya ƙi mutum sai an gwada iri biyu da suka dace da ciwonsa, a kan ƙa'ida, yana sha yadda aka ce, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Wannan sharaɗin ne ya fi taɓa ni, domin kullum sai na ji uwa ta ce, "Sista, maganin nan ya ƙi shi."

Yanzu in na ji haka sai in ce, "Mama, kawo ledar maganin in gani." Mu zazzage ta a kan tebur, mu ƙirga. Wani lokaci katin ya nuna wata guda aka rubuta, ga rabin ƙwayoyin Tegretol na nan ba a taɓa ba. In na bi a hankali sai labari ya fito. Kuɗi ne suka yanke, aka koma raba ƙwaya gida biyu don ta kai ƙarshen wata. Ko yaron ya yi sati uku bai faɗi ba, kakarsa ta ce ya warke, a daina ɗura masa ƙwaya. Ko kuɗin mota daga ƙauye ya gagara, aka saya a wani kemis, Allah kaɗai ya san abin da ke cikin kwalin. Da azumi kuwa, saurayi zai bar shan na rana bai gaya wa kowa ba, ga rashin barci, sai ciwon ya dawo. Akwai kuma yaron da aka auna wa magani yana ɗan shekara 6, ya girma, nauyinsa ya ƙaru, ba a ƙara masa ba. Duk waɗannan magani bai ƙi su ba, bai dai samu damar yin aikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon an ba su magani daidai.

Wani abin kuma, ƙona gurbin mintuna kaɗan ne, wahalar tana wajen gano shi. Sai an kwantar da mutum kwanaki da wayoyin EEG masu auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a kansa ana ɗaukarsa a bidiyo, an yi hoton MRI, an gwada tunaninsa da maganarsa. Amma zaren farko yana bakin 'yan gida. Shi ya sa na daina gamsuwa da "ya faɗi yana kumfa". Nakan tambayi abin da ya faru kafin faɗuwar. Yana jin wani abu na taso masa daga ciki? Yana jin warin da babu shi? Yana ƙura ido yana tauna baki, hannunsa na murza gefen riga? Irin wannan ne ake yawan ɗauka shafar aljanu ce, a shekara ana hayaƙi, alhali sau da yawa alama ce ta cewa ciwon daga gefen ƙwaƙwalwa yake tasowa, irin wanda tiyata ta fi yi wa amfani. Ban taɓa hana kowa addu'a ba, roƙona dai a haɗa da magani. Ina kuma roƙon yayyen yaro su ɗauki bidiyo da waya in ciwon ya tashi, bayan an kwantar da shi ta gefe, an janye shi daga wuta, ba a cusa masa cokali a baki ba. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, wannan sai na maimaita shi kusan kullum.

Waɗanda magani ya ƙi su da gaske suna nan, kusan ɗaya cikin uku. Su leza ba ita kaɗai ce ƙofa ba. A wani gwaji da aka yi a Kanada, aka fitar a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa kai aka cire gurbin sun shekara ba tare da bugun da ke gusar da hankali ba, masu magani kaɗai kuwa kashi 8. Leza ta fi sauƙin jinya, amma wajen tsayar da ciwon tana ɗan bayan buɗe kai, ga tsada. Don haka idan na tabbatar an sha iri biyu yadda ya kamata ba a dace ba, ba na barin a ci gaba da canza ƙwaya shekara da shekaru. Nakan tattara katin, da bidiyon, da lissafin ranakun faɗuwa, in kai wa likita, in nemi a tura yaron wurin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa tun bai bar makaranta ba.