Wa ke ciyar da mai kamfani a shekarar farko?

Aikin bibiyar sababbin kamfanonin fasaha na Faransa ya bar mini wata tambaya da nake fara yi wa duk wanda ya kafa kamfani: kafin kwastoma ya biya ka ko sisi, wa ke biyan kuɗin hayarka? Sau da yawa amsar ita ce gwamnati.

Tun 2008 doka ta bai wa ma'aikaci damar rabuwa da wurin aikinsa bisa yardar juna, sannan ya riƙa karɓar alawus ɗin rashin aiki yana gina nasa kamfanin. Shi ya sa matasan Faris ke zolaya cewa Pôle emploi, ofishin marasa aiki da ya koma France Travail a 2024, shi ne babban mai zuba jari a ƙasar. Ga Bpifrance, bankin gwamnati da ke ba da rance da tallafi, ga kuma rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100 na abin da kamfani ya kashe a bincike. Wani injiniya da muka sha kofi tare a Station F, cibiyar sababbin kamfanoni da ke Faris, ya ce mini ba jarumta ce ta sa ya ajiye aikinsa ba, lissafi ne: ya san bakinsa ba zai bushe ba har wata da watanni.

Ita kanta Station F, tsohon rumbun kayan jirgin ƙasa ne da attajiri Xavier Niel ya gyara da kuɗinsa, aka buɗe a 2017, kamfanoni kusan 1,000 ke ciki. Wuri ne mai ɗaukar ido, amma hoton gini ba ya nuna maka wanda ke samun riba.

Wannan ne ma ya sa na daina rawar kai idan an ce kamfani ya tara jari. A 2019 Macron ya sa burin samun sababbin kamfanoni 25 masu darajar dala biliyan ɗaya zuwa 2025, aka cika adadin tun Janairun 2022 da Exotec, kamfanin ƙera mutum-mutumin aikin rumbunan kaya, aka yi ta murna. Mistral AI, kamfanin ƙirƙirarriyar basira, ya tara yuro miliyan 105 a 2023, makonni kaɗan da kafuwa, bai fitar da komai kasuwa ba tukuna. Kuɗin masu jari ne, kuma suna jiran nasu. BlaBlaCar, kamfanin da ke haɗa matafiya da masu mota, da aka kafa a 2006, sai da ya haura shekara goma kafin ya sanar da ribarsa ta farko.